Kawu Ashafa da Kwabo Mai Huji

A gyara zama, jama'a. Mai waya ya kife ta, mai shayi ya ajiye kofi. Ga Sarkin Tonon Ranuna nan tafe, Galadiman Tiyo, Magajin Famfo, wanda ƙarfe ke kuka a ƙarƙashin ƙasa in ya ji takunsa, jarumin da bai taɓa tsallaka titi ba sai ya kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu. Sunansa Ashafa, yayan mahaifiyata ne, aikinsa kuma ba ciyawa ruwa a lambunan shaƙatawa na Madina, waɗanda mu nan muke kira hadiƙa. Sarautun nan duk ni na naɗa masa su, ban ma shawarce shi ba. Abin da ya mallaka na ƙashin kansa, wanda ba mai ja da shi a kai, shi ne tsoro.

A goye Kawu Ashafa ya shigo Madina. Iyayensa sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, suka bi ta Chadi da Sudan, suka ƙetare teku, suka sauke farali, suka zo ziyara, shi ke nan ƙafa ta ƙi komawa. Nan ya yi rarrafe, nan ya yi furfura. Amma a takarda har gobe baƙo ne. Da iƙama yake zaune, katin izinin zaman da ake sabuntawa ta hannun kamfanin da yake yi wa aiki. Katin yana cikin leda, ledar tana cikin wata ledar, duka suna cikin aljihun da ya ɗinka da kansa a jikin singileti. Akwai kalma guda da in aka faɗe ta yana cin abinci sai ya tsame hannu: tarhil. Wato a ɗora mutum a jirgi a mayar da shi ƙasar da takarda ta ce tasa ce, ƙasar da Kawu bai san ƙofar gida ko ɗaya a cikinta ba.

Ba wai yana ƙin can ɗin ba ne. Maganar ita ce Baƙi'a, maƙabartar Madina. Babansa yana kwance a can, innarsa tana can, matarsa Radiyya ma can aka kai ta. Buri ɗaya ya rage masa a duniya: ya mutu a Madina, a sallace shi a Masallacin Annabi, a sa shi cikin ƙasar da ta rufe nasa. Saboda haka mutumin da ke tsoron kyanwa, da lif, da kiran lambar da bai sani ba, ba ya tsoron mutuwa ko kaɗan, muddin a cikin gari za ta same shi. Biki aka yi na dangi a Jidda ya ƙi zuwa, wai kada ajali ya tare shi a hanya a binne shi inda ba a yi da shi ba.

Da ƙuruciyarsa a gonakin dabino na Awali ya yi aiki. Hawan dabino ya gagare shi, don in ya kai tsakiya sai ƙafafunsa su fara karatu da kansu. Ya koma ban ruwa, ya dace da abin da aka halicce shi dominsa. Daga baya kamfanin kula da lambuna ya ɗauke shi, aka tura shi wata hadiƙa a unguwar Ranuna, can wajen Ƙuba. Nan aka danƙa masa na'urar da ta jawo duk abin da zan ba ku labari.

Sanda ce doguwa mai faifai a baki, da abin maƙalawa a kunne. Aikinta neman murafen ƙarfe na bututun ruwa da ciyawa ta haɗiye. Ka bi da ita a kan ƙasa kamar mai share tsakar gida, in ta yi ƙara ka tona. Wata safiya ta yi wata 'yar ƙara siririya, ba irin ta murfi ba. Kawu ya waiga hagu, ya waiga dama, ya waiga sama don kada a bar ko'ina, sannan ya tona. Sai ga tsohon ƙirshi, kuɗin ƙarfe na da, ya yi kore, rubutun da ke jikinsa ya kusa shafewa.

Daga ranar kunnensa ya lalace. Yana idar da sallar asuba, kafin masu motsa jiki su cika wurin, sai ya saɓa sanda ya bi gefen katanga. Ya tono marfin kwalba har ya gaji, ya tono makullai, da ɗan kunne ɓari guda, da halaloli, ƙananan sulallan yanzu, da yara suka zubar. Jefi-jefi kuma sai ƙasa ta yi masa kyauta, ta miƙo kuɗin zamanin da, wani da rubutun Turkawa mai kama da tsutsa ta yi tafiya a kai. In ya riƙe irin wannan a tafin hannu, sai ya ji kamar wani ya gaishe shi daga nesa.

To amma Kawu ba ya jin daɗi shi kaɗai, sai tsoro ya zo ya zauna kusa. Wani abokin aikinsa ya ce masa tonon kayan tarihi ba da izini ba laifi ne babba. Wannan ya hana shi barci. Sannan akwai Sharfaddeen, wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da ke zuwa hadiƙar yana hadda a inuwa. Kawu ya tambaye shi hukuncin tsintuwa a Madina, amma wai wani ne ya aiko shi ya tambaya. Sharfaddeen ya ce malamai sun yi saɓani, sai dai abin da ya fi tsira shi ne abin da ya faɗi a cikin Harami ba a ɗaukarsa, sai fa wanda zai yi cigiyarsa. Kawu ya ji farkon maganar, zuciyarsa ta buga, ƙarshen ya wuce ta bayan kunnensa.

Ya zauna ya yi lissafi irin nasa. In ya kai gida, ya ci haram a garin Annabi. In ya kai wa hukuma, za a tambaye shi da me ya tono. In ya daina, kunnensa ba zai bar shi ba. Sai ya samo mafitar da ba wanda zai samo ta a duniya sai shi: ya tono, ya goge, ya kalla har ya ƙoshi, ya mayar cikin ramin, ya rufe, ya daddanna ciyawar, ya zuba mata ruwa. Bai ɗauka ba, bai sata ba, gaisawa kawai suka yi. Shekaru ya yi a haka. Ya san makwancin kowane kuɗi a hadiƙar, har yakan rage tafiya in ya zo wucewa ta kansu.

A kusurwar hadiƙar, daura da titi, akwai wata tsohuwar magarya da ta girmi unguwar. Can sandar ta yi ƙara wata safiyar Talata, gari ya waye amma rana ba ta fito ba. Ya durƙusa, ya yanke ciyawar da wuƙa, ya sa yatsa. Abin da ya fito zagayayye ne, da huji a tsakiya, da guntun igiyar fata da ta ruɓe maƙale a hujin. Ya tofa masa miyau ya murza da babban yatsa. Sai ga tauraro mai tsini shida ya bayyana kewaye da hujin.

Ya san wannan. Kwabon ƙasar Hausa ne na zamanin Turawa. Innarsa tana da irinsa guda ɗaya ɗaure a igiyar makullin akwatinta, yana yaro yakan leƙa rana ta hujin. Wani bawan Allah ne, ko wata baiwar Allah, ya ɗauko wannan tun daga gida, ya ratsa duk ƙasashen nan da shi, ya zo nan ya yar. Kawu ya runtse ido, leɓunansa na motsi, ya yi wa mai shi addu'a ko wane ne. Ya sake tofa miyau ya goge, ya mayar cikin ramin, ya fara tura ƙasa.

Yanzu ku tsaya daga nesa ku kalli abin da idon baƙo zai gani. Dattijo baƙar fata, durƙushe a gindin magarya da sassafe, yana motsa baki, yana tofi a kan wani abu, yana binnewa.

"Tona abin da ka binne, ya ammi."

Da Larabci aka yi maganar, daga bayansa. Kawu ya juyo ya ga waya a saitin fuskarsa, bayan wayar kuma wani saurayi da kayan motsa jiki. Ya san shi da gani. Abdulmajid ne, gidansu ne mai koren ƙofa a tsallaken titi, daidai saitin magaryar. Jikan Hausawa ne da suka samu zama 'yan ƙasa tun da daɗewa, yana jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa da ita. Abin da Kawu bai sani ba, matar saurayin, Suhaila, ta daɗe tana fama da ciwon kai da faɗuwa, kuma wani mai ruƙya ya ce musu a duba kusa da gida, akwai abin da aka binne. Ga shi kuma yaro ne da ya tashi yana dambe a makaranta da masu cewa Takari, wato mutanenmu mazauna nan, duk bokaye ne. Yau ga wani ya zo har ƙofar gidansu yana gaskata su.

Kawu ya tona. Ya ce kuɗi ne, wallahi kuɗi ne, tsohon kwabo. Abdulmajid ya matso da wayar, ya ga huji, ya ga igiyar fata, ya ga tauraron, ya ja da baya yana neman tsari. Ya ce wane irin kuɗi ne ake tofa wa miyau a binne. Kawu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya tarar bayanin nasa ya fi laifin muni: wai yana tonowa ne ya mayar, shekara da shekaru, ba don komai ba. Shi kansa da ya ji maganar tana fita bai yarda da ita ba.

Saurayin ya ƙi taɓa abin. Ya ce Kawu ya riƙe kayansa, bayan la'asar zai dawo da mai ruƙya a warware shi a gindin bishiyar, daga nan ya tura hoton inda ya dace. Ya ƙara da cewa sunan kamfani yana jikin rigarsa, fuskarsa tana cikin waya, gudu ba zai yi masa amfani ba.

Kawu ya shige ɗakin injin ruwa ya jawo ƙofa. Injin na gurnani, shi yana zufa. A garin nan tuhumar sihiri ba abin wasa ba ce, kuma a ganinsa mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne jirgi. Ya ga kansa a kujerar taga, Madina tana ƙanƙancewa a ƙasa. Ya ga kansa a wani gari da ba wanda ya san sunan babansa, ya mutu, an kai shi wata maƙabarta an rufe, Radiyya tana nan tana jira. Ya yi tunanin jefa kwabon a magudanar ruwa, sai ya tuna yana cikin hoto, ɓatansa zai zama shaida. Ya yi tunanin haɗiye shi, har ya kai baki ya gwada girmansa. Mota ta tsaya a waje, ya daina numfashi har ta wuce. Kyanwa ta taɓa ƙofa, ya yi kalmar shahada. Da aka kira azahar ya yi salla a nan kan kwali, bai san raka'a nawa ya kawo ba.

Daga ƙarshe ya kira Sharfaddeen. Ɗalibin ya saurara, shi ma muryarsa ta canza, abu na farko da ya roƙa shi ne kada a ambaci sunansa, yana da jarrabawa. Sannan ya ce, "Baba, ai maganar da na faɗa maka ba a nan ta tsaya ba. Cewa na yi sai wanda zai yi cigiya." Ya bayyana masa yadda ake yi: a tsaya inda mutane ke taruwa, a ɗaga murya, kada a nuna abin, wanda ya ce nasa ne ya siffanta shi tukuna.

Kawu ya kashe wayar ya zauna. A ɗaga murya. Shi da ko liman ya yi mantuwa ba ya iya cewa subhanallah a ji. Kuma cigiya tana nufin ya faɗa da bakinsa, gaban mai gadin hadiƙar da kowa, cewa yana tono da sandar kamfani. Amma ya juya ta ko'ina ya ga abu ɗaya: boka ɓoyewa yake yi. Ba a taɓa jin bokan da ya hau benci yana neman mai kaya ba.

Bayan la'asar hadiƙar ta cika. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ga butocin shayi, ga yara suna gudu. Kawu ya hango su suna tsallako titi: Abdulmajid yana tura keken guragu da wata tsohuwa a ciki, gefensa wani mai guntun gemu riƙe da gorar ruwa. Tsohuwar kakarsa ce, Hajja Ƙaltume, idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma ta rantse sai an kai ta ta ji muryar mai binne-binnen.

Kawu ya taka bencin siminti ya hau. Ƙafafunsa suka fara karatun nan nasu na kan dabino. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya buɗe baki, abin da ya fito ko kaza ba za ta amsa shi ba. Ya sake. Da Larabci ya fara, tsoro ya kwashe Larabcin, ya ƙarasa da Hausa.

"Cigiya. Na tsinci abu a gindin magaryar nan. Da na'ura na tono shi. Mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa."

Aka fara dariya. Wani ya ce in zinariya ce tasa ce. Mai gadi ya taso yana gyara hula. Abdulmajid ya ɗaga waya yana cewa kada a saurare shi, asiri ne a hannunsa, akwai hoto. Dariyar ta tsaya. Wata mata ta janye ɗanta. Kawu ya ji gumi na bin bayansa har cikin takalmi, ya ga mai gadi ya kai hannu aljihu zai ciro tasa wayar, bai san abin da zai yi ba sai ya sake maimaita cigiyar, don ita kaɗai ta rage a bakinsa.

"Kai, mai ihu. Ɗan wane ne kai?"

Tsohuwar ce, da wata Hausa ta da, mai nauyi, wadda Sudan ta taɓa. Ya faɗi sunan babansa. Ta ce ba ta san shi ba, amma ta ji Sakkwato a bakinsa. Ta ce kada ya buɗe hannun. Jikanta ya riga ya ba ta labarin huji da tauraro, saboda haka ba za ta ci da wannan ba, za ta faɗi abin da yaron bai gani ba.

"Juya bayansa. Akwai hular sarkin Turawa a saman hujin. Ƙasan hujin rubutun Larabci ne. In ka goge shi sosai fari ne, ba ja ba."

Kawu ya sauko, ya buɗe hannu. Mai gadi ya karɓa ya juya, ya murza a hannun rigarsa, ya nuna wa na kusa. Hula tana nan, rubutu yana nan. Abdulmajid ya leƙo daga nesa, sannan ya matso.

Hajja Ƙaltume ta miƙa tafi aka sa mata. Ta shafa shi, ta zura ɗan yatsa a hujin. Ta ce a igiyar fata ake shirya su, mata su ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane saboda ɓarayin hanya. Tana yarinya ta kwana da irinsu suna cizon ta a haƙarƙari tun daga gida har bakin teku. Nan wurin kuwa, kafin gidaje, gonaki ne, mutanensu sun sha zama a inuwar bishiyoyin nan. Ta juya wajen da take jin numfashin jikanta ta ce masa da irin wannan asirin aka sayi ruwan da kakansa ya sha a hanya, in ya ga dama ya kai ƙarar kakan nasa. Ta ce ya goge hoton, gobe kuma ya kai Suhaila asibiti. Sannan ta ƙulle kwabon a bakin mayafinta.

Kawu, da yake tsoron Allah bai bar shi ba ko a nan, ya durƙusa ya tambaye ta a hankali ko da gaske nata ne.

"Mai shi ta mutu," in ji ta. "Ni na rage."

Mai ruƙya ya buɗe gorarsa ya sha, ya ce yana da wani alƙawari. Abdulmajid ya goge hoton a gaban Kawu, ya sumbaci kan dattijon, ya nemi gafara da Larabci yana kallon ƙasa.

Ba a nan tsoron ya ƙare ba. Mai gadi ya kai rahoto kamar yadda aikinsa ya ce. Washegari shugaban ma'aikata ya kira Kawu, ya karɓe sandar, ya yi masa faɗan da ya sa shi zawo, ya mayar da shi wata hadiƙa a unguwar Jurf inda ba abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai bututun roba. Watanni ya yi yana jiran a buga ƙofa. Duk motar da ta tsaya a layinmu tasa ce. Da lokacin sabunta iƙama ya zo bai ci abinci ba sai da aka ce an sabunta, sannan ya ƙara wa katin leda ta uku. Sauran kuɗaɗen suna nan kwance a Ranuna, shi kaɗai ya san makwancinsu, kuma ko kusa da unguwar ba ya bi.

Shekaranjiya na same shi a Jurf yana ban ruwa. Na tsaya gabansa na karanto masa sarautunsa tun daga Sarkin Tono har Magajin Famfo, da murya irin ta masu shela. Na ce duniya za ta karanta, za ta san jarumin da ya hau benci ya fuskanci gari guda da hannu ɗaya. Na ce ya faɗa min kalma guda da za a tuna shi da ita, abin da ya ji a ransa a wannan lokaci mai girma.

Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Ka taka min tiyo," in ji shi.